Ɗalibi yana karanta Ingilishi, amma sanarwar tasha da ta filin jirgi ta gagare shi: ina gyaran yake?

Malam Na-Fagge:
Assalamu alaikum malamai. Ga wata matsala da nake so mu baje ta a faifai. Yaron da ya gama sakandare zai karanta maka "The train to Kaduna leaves at eight fifteen from platform two" ba tuntuɓe, har ya fassara maka ita tsaf. Amma a kunna masa wannan jimlar daga bakin mai sanarwa, "Kaduna" kaɗai zai kama, sauran ta bi iska. Ba laifinsa ba ne. Ido ake horarwa a makarantunmu, kunne kuwa an bar shi. Ko jarrabawar furuci ta WAEC, a Najeriya a takarda ake amsa ta, ba a kunna wa ɗalibi komai.

A ganina maganar tafiya ce ta fi dacewa da mai farawa, wato wanda ke matakin A1 ko A2 a ma'aunin harsuna na Turai. Maganar gajera ce, kalmominta ba su da yawa, kuma kowace tana da buƙata guda a bayanta: ƙarfe nawa, wace ƙofa, nawa ne kuɗin, ta ina za a bi. Ga tsarin minti 20 da nake ba da shawara.

A zaɓi sauti na daƙiƙa 30 zuwa 60, kada ya wuce haka. Kafin a kunna, a gaya wa ɗalibai inda suke, misali tashar jirgin ƙasa ta Idu a Abuja suna jiran jirgin Rigasa da ke Kaduna, sai a tambaye su irin maganar da suke sa ran ji. Kunnawa ta farko tambaya ɗaya tak: su wa ke magana, me ake nema? Kunnawa ta biyu a ba su jadawali mai gida huɗu, wuri, lokaci, lamba, kuɗi, su cike. Ta uku a riƙa tsayarwa a ƙarshen kowace jimla su rubuta abin da suka ji. Sai a raba rubutaccen zancen su gwada da nasu. A ƙarshe a kife takarda a sake kunnawa.

Malama Ta-Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, tsarin ya yi, amma wurin da aikin yake shi ne ka wuce da jimla ɗaya, wato lokacin da ɗalibi ya gwada rubutunsa da na asali. Yawancin malamai a nan suke cewa "amsar ita ce B", su ba da maki, su wuce. Wannan gwaji ne, ba koyarwa ba, kuma gwajin jini ba ya maganin zazzaɓi.

Duk kalmar da ɗalibi ya rasa, a tsaya a gano dalili, don dalilan uku ne kuma maganinsu ya bambanta. Ko dai bai san kalmar ba ko a rubuce, kamar "aisle" a tambayar "window or aisle?", wato kujerar gefen taga ko ta gefen hanya, wannan a koya masa ita kawai. Ko ya santa a takarda amma bai taɓa jin sautinta na gaskiya ba. Ko kuma ya ji ta, ya gane ta, amma kafin ya gama juya ta zuwa Hausa a ransa jimla biyu sun wuce shi. A sa kowane ɗalibi ya ja layi a ƙarƙashin abin da ya rasa, ya rubuta 1, 2 ko 3 a gefe. Za ku ga na biyun ne ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Abin da ke jawo na biyun shi ne, a Hausa kowace gaɓa tana fita da wasalinta cikakke. Ingilishi kuwa yana danna wasu gaɓoɓi ya murƙushe sauran. Ƙananan kalmomi irin su "to", "at", "for", "of", "a", "can" su ne ke shan murƙusar. "A ticket to Kano" a baki ya fi kusa da "a-tikit-ta-Kano". "Next to the bank" ya koma "neksta-da-bank", t ɗaya ta ɓace. "Would you like" ya zama "wuja-laik". "Can I have a" ya zama "kanai-hava". Ɗalibin da yake jiran ya ji "tuu" mai tsawo ba zai taɓa jin ta ba, don ba a faɗe ta haka ba.

Atisayen da ya fi kama wannan shi ne ƙirgen kalmomi. A kunna jimla ɗaya sau uku, a ce kada su rubuta komai, su faɗi kalmomi nawa ke cikinta. "How long does it take to get to the airport?" kalma goma ce. Mai farawa yakan ce shida ko bakwai. Sai a zana gurbi goma a allo, a cike waɗanda aka ji, a sake kunnawa har guraben da suka rage su cika. Minti biyar ya isa, jimla uku a rana.

Mushe Ɗan Damagaram:
Sannunku malamai. A wajenmu Nijar yaro sai ya shiga kwaleji, wato ƙaramar sakandare, yake fara Ingilishi, bayan ya yi shekaru da Faransanci, saboda haka akwai ƙarin tarko, sunayen haruffa. E na Ingilishi sautinsa ɗaya da I na Faransanci. G da J kuwa kamar an musanya su ne tsakanin harsunan biyu. In aka ce "gate E four" sai yaro ya rubuta I4. Lambar ajiyar kujera a tikitin jirgi haruffa da lambobi shida ce, ɗaya ya kuskure duka ta lalace. A riƙa yi musu shifta ta irin waɗannan lambobin, guda biyar a kowane darasi, a cusa A, E, I, G, J, da Y a ciki da gangan.

Malam Na-Fagge:
Mushe, wannan ya shafi namu ma ta wajen A da E. Bari in ƙara lambobi, tunda a kansu ake asarar jirgi. Dokar da ake koyarwa ita ce "thirty" nauyinsa a gaba, "thirteen" nauyinsa a baya. Haka 14 da 40, 15 da 50, har zuwa 19 da 90.

Malama Ta-Zariya:
Malam, dokar gaskiya ce in lambar tana tsaye ita kaɗai, ko a ƙarshen jimla, kamar "gate thirteen". Amma in suna ya biyo ta, kamar "thirteen minutes" ko "fifteen dollars", nauyin yakan dawo gaba, sai dokar ta yaudari ɗalibi. A koya masa alama biyu da ba sa gudu: tsawon wasalin ƙarshe da n ɗin da ke rufe shi. A bakin Ba'amurke akwai ta uku, t ɗin "thirty" da "forty" tana laushi ta koma kamar d, ta "thirteen" kuwa tana fita da ƙarfinta. In duk an rasa, ya tambaya: "one three or three zero?" Wannan tambayar a haddace ta tun makon farko.

Sai lokaci. "Quarter to nine" tara saura kwata ne, amma kunnen mai farawa "nine" yake kamawa, ya rubuta 9:15 ko 9:45. A Hausa sa'ar muke fara faɗa, su kuma mintocin suke gabatarwa, shi ya sa. A Ingila kuma za ka ji "half seven", ma'anarta bakwai da rabi. A tasha da filin jirgi agogon awa 24 ake yawan bi, "fourteen thirty" shi ne biyu da rabi na rana, "oh eight hundred" takwas na safe. Sifiri a lambar jirgi ko ta waya "oh" ake cewa, 44 kuma "double four".

Alhaji Mai Tikiti:
Malamai, ku yi haƙuri in shigo daga ɓangaren masu tafiyar. Duk abin da kuka faɗa daidai ne, amma ina da ja a kan muryar da ake kunna wa ɗalibai. Kusan duk sautin koyarwa muryar Landan ce ko ta Amurka. Bahaushen da ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Diori Hamani a Yamai, ina zai fara sauka? Jidda, Madina, Alƙahira, Addis Ababa, Dubai, Istanbul. Wanda zai yi masa magana a kanta Balarabe ne, ko ɗan Habasha, ko ɗan Indiya, ko ɗan Filifin. Balarabe da yawa p ɗinsa b ce, "bassbort" zai ce. Ɗan Indiya yakan haɗa v da w. Wanda aka horar da murya ɗaya kaɗai sai ya tsaya yana kallon bakin mutum.

Sannan sanarwa ba a sauraronta kalma bayan kalma. Tsarinta kusan ɗaya ne ko'ina: sunan kamfani, lambar jirgi, garin da za shi, halin da ake ciki, lambar ƙofa. Matafiyi ya riƙe garinsa da lambar jirginsa a ka, in bai ji su ba ya saki sanarwar ta wuce. In ya ji su, sai ya kasa kunne ga kalma ɗaya cikin biyar: "boarding" ana shiga, "delayed" an jinkirta, "cancelled" an soke, "gate change" an sauya ƙofa, "final call" kira na ƙarshe ne, ya tashi da gudu. A ba kowane ɗalibi katin shiga jirgi na takarda mai gari daban, a kunna sanarwa shida a jere, wanda ya ji tasa ya miƙe ya faɗi ƙofarsa. Wanda ya miƙe a kan ta wani ya fita.

A wajen jami'in shige da fice tambayoyin ba su cika wuce huɗu ba: dalilin zuwa, tsawon zama, masauki, tikitin komawa. Inda ake faɗuwa shi ne kalmar da ke bin "how". "How long" tsawon lokaci, "how far" nisa, "how much" kuɗi, "how many" adadi. A tambayi mutum "How long are you staying?" ya ba da sunan otal, don "staying" kaɗai ya ji.

Malam Na-Fagge:
Alhaji, na yarda da rabin maganarka. Amma mai farawa yana buƙatar ma'auni ɗaya da zai jingina da shi tukuna. In ka zuba masa murya biyar a makon farko, ba zai san wanne ne asalin sautin kalmar ba. Wata biyu na farko murya ɗaya, daga nan a shigo da sauran.

Alhaji Mai Tikiti:
Wata biyu ya yi yawa ga maniyyaci ko ɗan kasuwar da bizarsa ta fito, Malam.

Malama Ta-Zariya:
Ba sai an zaɓi ɗaya ba. A riƙe jimlolin, a sauya bakin. Jimla goma da ɗalibi ya riga ya ƙware a kansu da murya ɗaya, su za a sake kunna masa da murya ta biyu da ta uku. Tunda ya san abin da za a faɗa, hankalinsa zai tafi kan yadda sautin ya sauya. Abin da ke rikita shi shi ne sabuwar murya da sababbin kalmomi a lokaci guda. Ana iya fara wannan tun mako na uku.

Ticha na Zangon Kumasi:
Ina bin ku. Tambayata a kan sauri ce. Muryar Amurka ta fara shirinta na Ingilishi mai sauƙi a 1959, da kalmomi wajen 1,500, ana karantawa da kusan kashi biyu cikin uku na saurin magana. Mutane da yawa da shi suka buɗe kunne. Me zai hana mai farawa ya zauna a kansa?

Malama Ta-Zariya:
Ticha, yana da amfani wajen tara kalmomi da cire tsoro, ban musa ba. Illarsa ita ce, mutum in ya rage saurin bakinsa da gangan, yakan daina murƙushe ƙananan kalmomin nan. "To" ta dawo "tuu", "for" ta fito cikakkiya. Wato an cire ainihin abin da ke hana ɗalibi ji. Sai ya yi shekara yana fahimtar komai, ranar da ya ji magana ta yau da kullum, mai kalma wajen 150 a minti, ya koma kamar bai fara ba.

Rage sauri da na'ura daban ne. In ka sa sauri a kan 0.75 a YouTube ko manhajar kunna sauti ta VLC, haɗewar kalmomin tana nan yadda take, an dai ja ta ne. Kada a sauka ƙasa da haka, sautin yakan lalace. Kuma a yi amfani da shi a kan jimlar da ta gagara kaɗai, sau ɗaya ko biyu, a koma saurin asali nan take. Abin da ya fi duka shi ne a bar saurin yadda yake, a ƙara tsawon shirun da ke tsakanin jimloli, daƙiƙa uku zuwa biyar. Mai farawa lokacin narkar da abin da ya ji yake nema.

Mushe Ɗan Damagaram:
Ba mu taɓa labarin ƙasa ba, kuma a nan akwai abin da littattafan da aka rubuta a Turai ba su san da shi ba. Bahaushe ya san wuraren, amma da wasu sunaye. Ya san Masar, bai san "Egypt" ba. Ya san Alƙahira, Jamus, Girka, Bahar Maliya, Bahar Rum, amma "Cairo", "Germany", "Greece", "the Red Sea", "the Mediterranean" baƙi ne a kunnensa. Kafin kowane sauti a ware minti biyu a haɗa sunan Hausa da sautin Ingilishi a kan taswira, malam yana faɗa, ɗalibi yana ɗora yatsa. Kada a rubuta sunan tukuna, rubutun ne ke ɓatar da su. Wanda ya fara ganin "Leicester" a rubuce ba zai gane "Lesta" ba.

Sai tagwayen sunaye: Austria da Australia, Iran da Iraq, Sweden da Switzerland, da namu na gida, Niger da Nigeria. Sai ƙananan kalmomin da ke juya ma'ana gaba ɗaya. "Kano is in the north of Nigeria", tana cikin ƙasar. "Niger is to the north of Nigeria", tana wajenta. Bambancin "in" da "to" ne kawai, kuma su ne waɗanda Malama ta ce ana murƙushewa.

Shiftar taswira tana maganin wannan. A ba ɗalibi taswirar Afirka ta Yamma marar suna, a karanta jimla shida, yana zanawa. Kogin Kwara ya taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali, ya bi ta Yamai, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya faɗa teku a kudancin Najeriya. Tafkin Chadi yana arewa maso gabashin Najeriya. Ba a buƙatar ya rubuta kalma ko ɗaya, zanensa zai nuna abin da ya ji da abin da ya kuɓuce masa.

Malam Na-Fagge:
Madalla. A haɗa da manyan lambobi, don labarin ƙasa cike yake da su. Tsayin Kilimanjaro mita 5,895, Everest 8,849, tsawon Kwara wajen kilomita 4,180, Nilu wajen 6,650. A Hausa "dubu biyar" muke cewa, dubun ta riga, su kuma "five thousand", adadin ya riga. Ɗalibi yakan ji "five" ya rubuta 5 ya tsaya. A koya masa ya jira kalmar "thousand", ya sa waƙafi, sannan ya jira lambobi uku. Kuma ya saurari ma'aunin: mil ɗaya kilomita 1.6 ne, jakar kilo 23 ita ce fam 50 a Amurka, zafin 100 a ma'aunin Fahrenheit wajen 38 ne a namu.

Kwatancen hanya ma haka. A zana unguwa mai titi huɗu a allo, da banki, asibiti, masallaci, gidan mai da shatale-tale. Ɗalibai biyu su juya wa juna baya, ɗaya yana kwatance, ɗaya yana bi da fensir. Kuskuren da ya fi yawa uku ne: "opposite" da "next to", "first left" da "third left", sai "go past the bank", inda ɗalibi ke tsayawa a bankin maimakon ya wuce shi.

Hajiya Shugabar Makaranta:
Malamai, Allah ya saka. Ku sauko da maganar zuwa aji mai yara 80, ba wuta, malamin ma furucinsa na gida ne. Kuma ba wanda ya ambaci p da f, alhali su ne aka fi sanin mu da su.

Malama Ta-Zariya:
Ranki ya daɗe, p da f a Hausa sauti ɗaya ne mai fita iri-iri gwargwadon gari, shi ya sa kunne ba ya raba su. Haka v da b, haka "th" da ke komawa s ko z. Amma kada a ɓata lokaci a kan kowane tagwaye, a zaɓi waɗanda ke sa matafiyi asara: "full" da "pull", "copy" da "coffee", "fare" da "pair", "three" da "free", "Tuesday" da "Thursday", "walk" da "work", "leave" da "live", "can" da "can't". Na ƙarshen ya fi haɗari, don t ɗin sau da yawa ba ta fita. Alamar ita ce "can" gajere ne marar nauyi a tsakiyar jimla, "can't" kuwa ana danna shi. A rubuta 1 da 2 a allo, a kunna kalmar a cikin jimla, yara su ɗaga yatsa ɗaya ko biyu. Da kallo ɗaya malam zai ga duk ajin, ko su 80 ne. Tagwaye biyu a mako sun isa.

Malam Na-Fagge:
Game da kayan aiki, Hajiya, ƙaramar sifika mai caji da waya ɗaya sun wadatar. A ajiye sifikar a tsakiyar aji a kan tebur mai tsayi, ba a gaban allo ba, a rufe tagar da ke kallon titi, a gwada daga bencin ƙarshe kafin a fara. Sauti na minti ɗaya bai wuce megabait ɗaya ba, saboda haka darasin zango guda ana sauke shi da data kaɗan a tura wa malamai ta WhatsApp. Shafin British Council na koyon Ingilishi yana da sashen sauraro na A1 da A2 tare da rubutaccen zancen. Shirin BBC na koyon Ingilishi mai minti shida ya yi wa mai farawa nauyi, a ajiye shi sai gaba. Malam kuma kada ya karanta zancen da bakinsa in akwai sautin, don yara sun saba da muryarsa, kuma ba tare da ya sani ba zai rage sauri a daidai wurin da amsa take.

Ticha na Zangon Kumasi:
Ga masu shirin jarrabawa fa? Yaushe za a daina maimaita sauti?

Malama Ta-Zariya:
Ya danganta da jarrabawar. Sashen sauraro na A2 Key, jarrabawar Ingilishi ta Cambridge ta masu farawa, tambaya 25 ne a kashi biyar, wajen minti 30, kuma sau biyu ake kunna kowane sauti. Na IELTS, jarrabawar Ingilishi ta masu neman karatu ko aiki a waje, tambaya 40 ne a kashi huɗu, sau ɗaya tak ake kunnawa, kashin farko sau da yawa maganar kama ɗaki ko neman bayani ce, ana faɗin suna harafi-harafi da lambar waya, na biyun kuma yakan zo da taswira. Duka biyun suna da tarko iri ɗaya, a faɗi amsa sannan a janye ta: "We leave at nine. Sorry, no, nine thirty." Ɗalibi ya ɗora fensir a kan abin da ya fara ji, amma kada ya ɗauke kunne sai mai maganar ya sauya zance, yana jiran "but", "actually", "sorry", "instead". A ranakun koyo a maimaita sau huɗu ko biyar ba damuwa. Rana ɗaya a mako a kunna sabon sauti daidai yadda jarrabawar za ta kunna shi, sau biyu ko sau ɗaya, sannan washegari a dawo da shi a yi masa aikin 1, 2, 3 ɗin nan.